Garin da Harsashi Ke Tambayar Suna

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu haushinsa bai sake ni ba. Shekara goma sha tara ina aikin jinya, na san abin da harsashi ke yi wa jikin mutum. Sai ga ni a wani asibiti, babbar likitar kuwa jimina ce mai tabarau.

Aka kawo wani ɗan sanda da aka harba a kafaɗa. Na tashi neman jini, jimina ta ce, "Sista Talatu, ɗaura masa hankici kawai. Jarumin shirin fim ɗin nan ne, yana da faɗa ƙarfe huɗu."

Na ce, "Ƙashin fa ya farfashe."

Ta ce, "A garin nan kafaɗa ba ta da ƙashi."

Ya miƙe ya fita yana fito.

Sai na gan ni a bakin kasuwa. Ɗan sandan nan yana artabu da ɓarayi ashirin, riƙe da 'yar bindiga mai cin harsashi shida. Na ƙirga har tamanin da uku, bai sake ɗuri ba. Da suka buɗe masa wuta ya laɓe a bayan faifai, harsasai suna zuwa su yi sallama su koma.

Harsashi ɗaya ya ƙwarzani yayana Ɗanjuma mai lemo a ɗan yatsa. Ya zube yana shure-shure.

Na ce, "Yaya, tashi mana. Ko jini babu."

Ya ce, "Ba ni da suna a shirin nan, Talatu. Mu marasa suna da an taɓa mu shi ke nan."

Na ruga ofishin rabon suna. Kunkurun da ke wurin ya leƙa durowa ya ce sun ƙare tun safe. Na ce a ba Yaya nawa. Ya buga hatimi.

Ina dawowa na tarar Yaya ya warke, ana kiransa Talatu yana amsawa. Ni kuwa wani ɓarawo ya juyo ya auna ni, bindigarsa a karkace, yatsansa ko kusa da kunamar bindigar babu.

Na ce, "Malam, ba fa haka ake harbi ba."

Ya ce, "Wa ke magana?"

Harsashin ya taho a hankali, har na samu lokacin yin tsaki biyu. Saura taku ɗaya ya iso gare ni, maƙwabciyarmu ta tayar da injin markaɗe, na farka.