Inda Shanun Manu Suka Yi Rani

Tun zamanin iyayensu akwai wata yarjejeniya tsakanin gidan Tanimu na Tsiga da rugar Manu, wadda ba wanda ya taɓa furta ta. Da kaka Tanimu zai kwashe dawa ya bar kara, Manu ya kawo shanu su ci su kwanta, su bar wa gonar taki. Babu mai ce wa wani na gode.

Sai aka buɗe wata masana'anta a hanyar Bakori. Takanda take saye, dawar nan mai zaƙin kara. A matse ruwan, a bar shi ya yi tsami, a tace, ya zama sinadarin da ake gauraya wa fetur. Tanimu bai taɓa zaton abin da yara ke tsotsa zai tuƙa mota ba, amma ba shi aka tambaya ba. Ya cika gonarsa da takanda. Motar kamfani ta zo ta kwashe har ganye, ta bar ƙasa fes kamar an share.

Manu ya iso da garkensa a lokacin da ya saba, ya tsaya ya dogara da sanda.

"Malam Tanimu, gobara aka yi?"

"Ci gaba aka samu."

"Allah ya kiyaye gaba. Me shanu za su ci?"

"Ka dai bar su su kwanta, Manu. Ƙasar ta saba da su."

"Kaɗo ke nan. Saniya tana ajiye abin da ba ta ci ba ne?"

Manu ya bi sawun motar. A bayan masana'antar ya tarar da tuƙar takanda tsibi-tsibi, da manajan da ya rasa yadda zai yi da ita. Nan shanu suka yi rani.

Da damina shukar Tanimu ta fito rawaya, siririya. Wata rana ya biyo hanyar Bakori a kan babur, ya hangi bayan masana'antar. Ciyawa ce koriya shar, ta fi mutum tsawo, irin ƙarfin da gonarsa ke yi a da. Leburori biyu suna fesa mata magani don ta mutu.

Da shekara ta zagayo Tanimu ya koma dawarsa ta gado, ya aika wa Manu cewa bana akwai kara.

Manu ya aiko da gaisuwa. Ya ce zai shawarci shanun, don yanzu sun saba da zaƙi.