Shafin da Latifu Ya Naɗe

…kuma ni na ce wa Jannatu ta ɗauko kowanne. Ni da bakina. Hannuna duka biyu ƙunshe cikin leda, lalle yana ci, ƙanwar tawa ta tsaya min a ka, wai ni kaɗai ban sa littafi a kwando ba. Shiga ɗakina ki ɗauko kowanne. Kowanne! Ita kuwa da ba ta da ido sai na kallon madubi, ta tsallake na girki, ta tsallake na azkar, ta kai hannu can saman kabad…

Naka ne, Latifu. Ta naɗe shi da ɗankwali kamar sauran, amma ga gefen shuɗin bangon yana leƙowa. Ko cikin buhun albasar Garu aka cusa shi zan gane littafin ɗana.

Wasan Samiha ke nan. Maƙwabciyata, uwar iyayi, ta je Kwatano ta dawo mana da dabara: jajibirin Sallar layya kowace ta kawo littafi a rufe, a zuba kwando, a zagaya da shi ana tafi, wadda tafin ya tsaya a kanta ta zaɓa, ya zama nata har abada. Wai kado, kyauta ke nan da Faransanci. Kuma a tsakar gidana, don a ɗebe min kewa. Wa ya roƙe su? Wa ya ce kewar tawa ta ishe ni?

Ragon nan ya yi min shiru mana!

Bara war haka kai ke riƙe da igiyarsa… ka ɗaure, ka zauna bakin rijiya da wannan littafin na makarantarku ta lise, ina kira kana cewa bari in kai ƙarshen shafi. Ba ka kai ba. Ka naɗe kusurwar takardar, ka ajiye, ka ɗauki ƙunshin yaji da za ka kai wa gwaggonka a Gaya. Gada a rufe, sai kwalekwale. Yanzu zan dawo, Inna. Masunta ne suka dawo da kai.

Tafi, tafi, tafi. Dubi haƙoransu. Mariama ta samu na mafarki tana ta guɗa kamar an ba ta Makka. Kwando ya wuce ni, ba hannun ɗauka, an yi dariya, ni ma na buɗe baki. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan: ƙamshin kanumfari daga madafa, itacen da aka jibge don gashin gobe, yara suna gwajin takalma a lungu… har yanzu ina son Sallah. Ina sonta, ina jin kamar in watsa mata ruwan zafi.

Na ce wa kaina, yi magana mana, Rauda. Ce a ba ni wancan. Sai me? Sai tafi ya mutu, a kewaye ni, a fara: haƙuri, haƙuri, ashe ba ta warke ba. Shekara guda ina haɗiye haƙurinsu har ya tsaya min a wuya. A'a. Bari ya rage a kwando, in wanke hannu in ɗauke abina. Allah, kar kowa… kar kowa…

Samiha. Duk matan nan, sai Samiha.

Ta warware ɗankwalin. Ta juya shi. Ya buɗe da kansa, daidai wurin, ina kuma zai buɗe?

"Kai, wa ka lalata littahi hakanga?"

Da babban yatsa. Ta miƙar da kusurwar, ta goge ta da farce, ta sake gogewa, ta rufe, ta danna da tafin hannu. Tana gyara min. Murmushi take, wallahi, tana gyara min.

Na miƙe? Ga ni tsaye. Leda ta yage, lalle yana ɗiga kan tabarma, duk sun zuba min ido, Jannatu ta dafe baki, yanzu ta gane, yanzu! Kuma ko na fizge, da wane hannu? In shafa masa lalle?

Alamar naɗin za ta nuna… za ta nuna ai… in bi shi shafi shafi… in akwai wasu naɗin fa? Kai da kake naɗe ko'ina ka miƙar?

Kullum ina goge masa ƙura. Kullum. Ban taɓa buɗewa na duba lambar ba, ina jiran ka zo ka ƙarasa.

A ina ka tsaya, Latifu? A ina?