Tasoshin Malam Wole

A kakar 1964 aka ɗauki Oluwole ya riƙa koyar da bugun jikin mota a makarantar koyon sana'a ta Funtuwa, inda nake koyar da aikin kafinta. Talata da Alhamis kawai yake zuwa. Sauran ranakun yana rumfarsa a bakin tasha, yana miƙe goshin motocin auduga da suka yi karo.

Bayarabe ne haifaffen gari, Hausarsa har ta fi tawa gishiri. Shekara ashirin yana wannan aiki, amma duk garin Wole mai guduma ake ce masa. Ranar da ya fara shiga aji, ɗalibai suka miƙe suka ce, "Sannu da zuwa, Malam," sai da ya waiga ya ga ko wani ne a bayansa. Daga baya ya gaya mini bai taɓa jin daɗin wani suna kamar wannan ba.

Matsalar ita ce makarantar ba ta da mota ko ɗaya ta koyo. Tsohuwar ƙofa guda ce, ita ma cikin mako biyu ɗaliban suka mayar da ita faifai. 'Ya'yan manoma ne da maƙera, hannunsu bai san a hankali ba. Gwaninsu wajen ɓarna shi ne Mamuda, ɗan wani maƙeri daga Ƙarfi, wanda ke dukan ƙarfe kamar yana ƙera garma.

Sai Wole ya aika cikin gari cewa duk matar da ke da tasa ko daro ko tukunyar alminiyam da ta lotsa, ta kawo a gyara mata. Matan Funtuwa kuwa ba su jira an maimaita ba. Ya koya wa ɗaliban su rufe ido, su shafa da tafin hannu har su gane inda dukan ya fara shiga, sannan su soma daga gefen lotsin da ƙaramin bugu, suna tare bayan da dunƙulen ƙarfe. Wanda ya fasa tasa kuma shi zai je ya yi wa mai ita bayani da bakinsa. Mamuda ya je sau biyu, bai ƙara ba.

Shugaban makarantar, Malam Aƙilu, mutum ne mai son a ga komai tsaf, wannan abu kuwa ya tsaya masa a rai. Cewa yake an mayar masa da makaranta kasuwar 'yan koli. Ana haka takarda ta zo cewa sufeto zai zo daga Kaduna, kuma duk malamin da ba shi da takardar shaida za a sallame shi. Wole ko ta firamare bai da ita. Malam Aƙilu ya sa aka kwashe tasoshin aka ɓoye ƙarƙashin katakaina. Na ji tausayin Wole ƙwarai, don ran nan ko tsokanar da ya saba yi mini bai yi ba.

Sufeton, Malam Abdussamad, bai iso ba sai bayan azahar, fuska a murtuke. A hanyarsa daga Kaduna ya danna wa wani bijimin huɗa ham, bijimin kuwa ya mayar masa da amsa a ƙofar sabuwar motarsa Fijo. Lotsin ya kai girman ƙwarya.

Na ga hannun Wole ya tafi kan gudumarsa. Da ya gyara da kansa, da ba wanda zai yi mamaki. Sai ya ɗaga ta ya miƙa wa Mamuda, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya. Malam Aƙilu ya dube ni kamar zai yi kuka.

Mamuda ya cire marfin cikin ƙofar, ya rufe ido, ya yi ta shafa. Sannan ya fara bugu daga gefe, ƙwas, ƙwas, a hankali. Fiye da awa guda yana yi. Da ya gama, ban da ɗan karcen ƙaho babu abin da ya rage. Sufeto ya shafa wurin, ya sake shafawa, ya tambaye shi mota nawa ya taɓa gyarawa.

"Ranka ya daɗe, wannan ce ta farko," in ji Mamuda. "Amma na yi tasa goma sha ɗaya da daro uku."

Sufeto ya ce a nuna masa. Ni na ɗaga katakan, ina kauce wa idon Malam Aƙilu. Sufeto ya ɗauki tasoshin ɗaya bayan ɗaya yana jujjuyawa, har dariya ta ƙwace masa. Ya yi rubutu mai tsawo a littafinsa, sannan ya buɗe bayan mota ya fito da wata tsohuwar butar ƙarfe da gefenta ya lotsa.

"Ta mahaifina ce," ya ce. "A ba ɗalibanka. Zan karɓa a hannunka in na dawo baɗi, Malam Wole."

Wole ya karɓi butar da hannu biyu. Ina kallonsa, wannan karon bai waiga ba.