Kabewa Uku a Bakin Hanya

Ina garejina a unguwar Kpakungu cikin Minna, hannu dumu-dumu da baƙin mai, Inna ta bugo waya tana kuka. Giwa ta shiga gonarmu. Irin doyar da babana ya bar mana, wanda muke juyawa shekara da shekaru, ta tone ta cinye, sauran ta tattake don mugunta kawai.

Da na isa ƙauyenmu, gonar Kudu maƙwabcinmu ko ganye bai karye ba. Shi ya bi shawarar ma'aikatan daji, ya rataye amya a jikin waya ya kewaye gonarsa, wai giwa na tsoron zuma.

"Gimba, in ba ka amya biyu ka fara da su," in ji shi.

"Riƙe kayanka. Ba korar ta nake so ba, gawarta nake so."

Kunya ma nake ji a ce ƙatuwar banza ta cinye gadon ubana, ni kuma in rama da ƙudan zuma. Na koma Minna na sayo kabewa uku manya da maganin ɓera mai ƙarfi. Na huda su, na ɗura, na toshe da kyau. Da hantsi na jera su a bakin gona ta gefen hanya, daidai inda sawun giwar ya bi, na hau babur zuciyata fes. Ban gaya wa kowa ba, don na san Kudu da surutu.

Shekara goma sha biyar a birni ta mantar da ni abu guda. A ƙauyenmu, duk abin da manomi ya ajiye a bakin hanya sadaka ce, mai wucewa ya ɗauka. Sai da na kai kwalta abin ya faɗo mini.

Na juyo a guje. Kabewa biyu na tarar.

Ƙamshin taushe ya tare ni tun daga ƙofar gida. Inna na zaune gaban murhu, ɓawon kabewa a gefenta. Na sa ƙafa na shure tukunyar, miya ta malale a ƙasa.

Ta dube ni da ludayi a hannu.

"Kai, lafiyarka? Miyar da ta yi daɗi haka! Sau biyu na ɗanɗana gishirinta."