Matar Mai Agogo

Shekara shida muna shirin nan na talabijin, ba wanda ya taɓa tambayar inda za mu sauka. Ni ke rubutawa, mahaifina ke fitowa a matsayin mai gyaran agogo, mutumin da matarsa ta shiga mota wata safiya ba ta dawo ba, shi kuma yake ta jira. Duk mako aikina in ƙirƙiro abin da zai hana ta dawowa. Na karya gada, na ɓatar da wasiƙa, na ɗora mata ciwon mantuwa har sau biyu, ko kunya ban ji ba. Darakta kuwa in ka ambaci ƙarshe sai ka ce zaginsa ka yi. "Mutane na kallo," zai ce, "me kike ci na baka na zuba?"

Sai kalmomi suka fara guje wa Baba. Da farko layi ɗaya ne, mukan liƙa masa takarda a bayan agogon tebur. Daga baya har sunan mai kyamara ya ɓace masa. Wata la'asar bayan an tashi na same shi a shagon katakon da muka kafa a ɗakin ɗaukar shirin, agogo arba'in a bango kowanne na bugun lokacinsa, hasken fitila ɗaya kwance a kan hannunsa.

"Auta, yaushe za ta dawo?" ya ce. "Ki dawo da ita tun ina iya gane ta."

Tsoro ya kama ni. Washegari na tsare darakta, na ce mu ɗauki fitowar ƙarshe yanzu mu ajiye, ko bayan shekara goma ne a haska. Ya yi gunaguninsa ya yarda. Sai mai kula da kayan shirin ya sosa ƙeya, ya nuna hoton matar da ke rataye a bango.

Ranar da muka fara shirin, shi ne ya manta bai tanadi hoto ba. Baba ya zaro na Mama daga aljihunsa, aka ruga aka wanko babba. A lokacin Mama ta shekara tara a kabari. Fitowa ɗari uku masu kallo na ganin fuskar nan, wace 'yar wasa za mu kawo su yarda? Da tun farko mun san inda muka dosa, da ba mu tafka wannan wautar ba.

Mai kwalliya ta dubi hoton, ta dube ni. "Ai ga ta nan," ta ce.

Ta ɗaura min ɗankwali irin na hoton, ta sa min kwalli. Na rubuta wa Baba layi uku kacal, manya manya. Aka kunna fitilu. Na tura ƙofar, ƙararrawar da ke samanta ta kaɗa, sai na ji kamar cikin ruwa nake tafiya. Baba ya cire gilashin gyara daga idonsa a hankali. Ko kallon takardar bai yi ba.

"Kin daɗe," ya ce. "Zauna, kin sha hanya."

Na zauna.

"Ba ki ga Auta ba ko? Ta girma. Ita ke rubuta mana duk abin nan. Taurin kanki ta ɗauko kaf, kullum sai ta hana ki zuwa." Ya yi dariya, ya leƙa bayan kyamara, inda kujerata take ba kowa. "Auta! Ina yarinyar nan ta shiga? Zo ki gaida mamarki."

Darakta bai ce a tsaya ba. Na kama hannun Baba, yana da ɗumi.

"Bar ta," na ce, "tana zuwa."

Ya gyara zama, muka zuba wa ƙofa ido muna jiranta.