Tsaga a Fatar Wasa Aska

Tun da askar ta ci fatar, tela ya san safiyar nan ba za ta wuce lami lafiya ba. Shekara da shekaru yana wasa askarsa a kan doguwar fatar nan kafin ya yi gyaran fuska, bai taɓa yanka ta ba. Ƙa'idar ba ta da wuya: gadon aska ke gaba, kaifi na biye, in ka kai ƙarshe ka juya ta kan gadonta ka dawo. Amma yau a ɗakin ajiya yake, tsakanin buhuna da tsofaffin bokitai, yana ja a hankali kamar ɓarawo don kada a ji ƙara. Sai hannu ya juya ta kan baki, ta yi wa fatar tsaga.

Da can a ƙusar bayan ƙofar falo fatar take rataye, kuma shaf-shaf ɗinta ne ke tayar da gidan. Ya cire ta ne bayan ranar da aka ɓalle ƙofar ɗakin babban ɗansa, Dogo, aka same shi ya ji wa kansa rauni a hannu. Da za a sallame su daga asibiti likita ya ja tela gefe ya ce duk wani abu mai kaifi a nisanta shi da yaron. Tun daga ranar askar ta koma cikin aljihun keken ɗinki, an sa mata kwado.

"Baba, wannan ɓoyon na mene ne?"

Dogo ne a bakin ƙofa. Ya sa rigar aikinsa ta gidan buga takardu, wadda yanzu ta yi masa yawa. Yau ne mai wajen aikin ya ce ya dawo a gwada shi, in bai iya ba a ba wani injin. Gemu ya rufe masa fuska har wuya.

"Ba ɓoyo ba ne. Ba na son in tashe ka."

"Ni da ba na barci? Kullum ina jin ka. Shirun ya fi ƙarar damuna." Ya shafa gemun. "Ba ni in rage wannan. Ba zan je musu haka ba."

Uwarsa ta leƙo daga kicin da butar ruwan zafi. "Bari babanka ya yi maka mana. Gemun nan ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki ba mai sani. Sai gwani."

"Mama, ke da kike yanka albasa a gidan maƙwabta? Na gani ai. Almakashin Baba ma ya yi ƙafa." Ya yi ɗan murmushi, murmushin bai daɗe ba. "Yau za a ba ni injin da ke yanka takarda, mai wuƙa kamar tsawon hannuna. In a gidanmu ba a yarda da ni da aska ba, me zan je yi can?"

Tela ya dubi matarsa. Ta girgiza kai a hankali, ta ajiye butar, ta tsaya ba ta tafi ba. Maganar likita tana kunnensa, idon ɗansa kuma yana kansa. Ya kwance fatar, ya wuce falo, ya mayar da ita ƙusarta.

"Zo. Ba a ɗora aska a fuska sai an wasa ta. Ka tuna yadda ake yi?"

Ya miƙa masa askar ta wajen ƙota. Dogo ya karɓa, ya ja fatar ta miƙe, ya kwantar da askar. Gado gaba, kaifi baya. Shaf. Ya juya ta kan gadonta. Shaf. Da ya zo kan tsagar sai ya tsaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Kai, Baba? Ni da ka hana ni taɓa ta har na gama makaranta, wai zan yanka maka fata."

"To ga shi na riga ka."

Dogo ya ci gaba da wasawa, ƙarar ta cika gidan kamar da. Uwar ta juya ta koma kicin tana share ido da bakin mayafi.

Tela ya kaɗa kumfa, ya riƙe masa madubi. Dogo ya ɗauke kuncin dama tas, gashi na zuba kan tawul. Da ya zo ƙarƙashin haɓa hannunsa ya soma rawa, rawar nan da maganin da likita ya ba shi ke sa shi. Askar tana dab da maƙogwaro, tana kaɗawa. Hannun tela ya so ya kai cafka, ya danne shi a jikin madubin har farcensa ya yi fari.

Dogo ya daɗe yana kallon kansa. Sannan ya sauke askar, ya juya ta, ya miƙo ta wajen ƙota.

"Ƙarasa mini wuyan, Baba."

Ya ƙarasa masa, yana jan fatar wuyan da babban yatsa, yana jin jijiya na bugawa a ƙarƙashi. Fuskar da ta fito ta rame, amma ta ɗansa ce.

Bayan Dogo ya fita, tela ya wanke askar, ya tsane ta, ya ɗan goga ta a fatar kamar yadda ya saba kafin ya naɗe. Ya tsaya da ita a hannu tsakanin kantar madubi da keken ɗinki. Daga baya ya sa ta a aljihun keken, ya danna kwado. Fatar kuwa ya bar ta a ƙusa.

Ko Dogo zai kai yamma a wajen aikin, bai sani ba. Abin da zai ce masa gobe in ya nemi makullin, shi ma bai sani ba.