Tsatsa ta shiga kanti ranar Talata

Laraba kamfani ya sa za a saki waƙar, amma kowa a Osaka ya san tun Talata da rana kantuna ke jera sabon faifai. Genta bai iya jira ba. Yana gama wanke tukwanen taliya a gidan abincin da yake aiki, ya cire rigar aikinsa, ya ce wa mai gida yanzu zai dawo.

Ga shi kuwa a bakin ƙofar kanti: Tsatsa, faifan farko na ƙungiyarsu, Kugibako. Su biyar a hoto, kowa ya murtuke fuska. Genta ne a gefe da jar hula. Shi ne mai murza faifai da yatsu har ya yi ƙara kamar ana wasa wuƙa, kuma a tsakiyar waƙar akwai wurin da jita da ganga ke yin tsit a bar masa fili shi kaɗai. Tun da ya bar makaranta bai taɓa yin abin da ya kai wannan wurin ba.

Ya ɗora abin sauraro na kantin a kunne. Ganga ta shigo, Shinpei mawaƙinsu ya fara tsawa. Genta ya rufe ido yana jira.

Wurin ya zo. Jita ce a ciki.

Ya mayar da waƙar farko, ya bi ta har ƙarshe. Ko ƙyas ɗinsa babu. Sai ya koma lungu ya kira Shinpei.

"Kai ɗan iska, har ka riga mu? Ba gobe muka ce za mu zaga kantuna gaisuwa ba?"

"Yaya, ina nawa?"

Shinpei ya sassauta murya.

"Mutanen kamfani ne. Wai gidajen rediyo sun gaji da ƙarce-ƙarcen nan, yayinsa ya wuce. Mun so mu faɗa maka, wallahi, bakin ne ya yi nauyi."

"Ku huɗu, duk bakinku ya yi nauyi?"

"Haba ƙanena, kar ka mayar da ita babba. Kana nan a hoto, ko ba ka gani ba? A dandali ma ka tsaya bayan na'urarka kana kaɗa kai, 'yan mata ba su san bambanci ba. Gobe dai ka zo da hular nan."

Genta ya kashe wayar.

Da ya juyo, wata ma'aikaciyar kantin na tsaye, ta rusuna, tana duban hoton tana dubansa. Ta miƙo masa ɗan kwali da alƙalami da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, kai ne na gefe, ko? Tunda ka zo, ka rubuta wa masu saye wurin da ya fi maka daɗi a waƙar, mu manna a jikin kanta. Duk mawaƙa suna yi mana."

Ya daɗe yana kallon kwalin. Lasifikar kantin ta saki Tsatsa, wasu samari biyu suka tsaya suna gyaɗa kai. Waƙar ta yi daɗi, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Ya mayar mata da alƙalamin, shi ma da hannu biyu.

"Ki ajiye wa masu waƙar. Gobe za su zo, su huɗu ne."

Ya rusuna, ya fita ya bi layin kasuwa, cikin mutanen da ba wanda ya waiwaye shi.